NEMAN SUNAN KAKANA A TASKAR FURSUNONIN SIYASA

Na san da yawanku ci gaban labarin da muka faro kuke jira, har wasu sun fara ƙorafi wai na bar musu yarinya tsugune a zaure tana kuka na kama gabana. Ku yi mini afuwa. Wani al'amari ne ya tokare mini ƙirji tun ƙaramar Sallar da ta wuce, na kuma lura idan ban fitar da shi ba alƙalamin nan ba zai ƙara tafiya daidai ba.

Shekara 20 ke nan da 'yan kai ina rubuta irin littattafan nan da masana suka raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano. Gori kuwa mun sha shi har mun ƙoshi. An ce ba mu iya komai ba sai zancen saurayi da budurwa da kishi da kishiya. Wannan gorin ne ya sa na ɗaura niyyar rubuta wani labari da zai faru a zamanin NEPU, jarumin kuma tela ne ɗan ƙauye wanda za a ɗaure saboda siyasa. Na yi babi 7 alƙalami yana gudu kamar ruwa a gangare. Sai da na kai shi ƙofar gidan yari, gandiroba ya tura shi ciki ya ja ƙyaure, sai ni ma na tsaya cak. Me ake ci a ciki? A kan me ake kwana? Idan mutum ya tashi sallar asuba ina yake samun ruwan alwala? Ashe duk tsawon shekarun nan ƙaryar da na ƙware a kanta ta falo ce da mota da turare.

Da na je gida Yalwan Damai yin Sallah, sai na yi wa ɗan wana wannan ƙorafi, yaron da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ya yi dariya ya ce, “Haba Baffa, ai yanzu an daina wahalar neman tarihi, komai yana cikin waya.” Bayan la'asar muka fita bayan gari inda sabis ya fi kamawa, muka zauna a gindin wata tsamiya, ya buɗe mini wata taska a intanet mai suna Freedom Archives, wato Taskar 'Yanci. Ya ce malaminsu ne ya nuna musu.

Ita wannan taska tana jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Wasu 'yan gwagwarmaya da suka yi aikin rediyo ne suka kafa ta a 1999, suka tattara kaset-kaset ɗin da aka ɗauka tun daga ƙarshen shekarun 1960 don kada su lalace. Akwai dubban sa'o'i na murya da hoto mai motsi, ga jaridu da wasiƙu da takardun mannawa a bango, mafi yawansu a kan gwagwarmayar baƙar fata da sauran raunana, da mutanen da aka ɗaure a dalilinta. A saman shafin akwai wani ɗan gurbi, ka rubuta suna ka latsa, abin da ke akwai ya zubo. Turancina na sakandare ne, da ƙamus nake lallaɓawa, amma haka na kwana 3 ina ƙone kuɗin data, suna yana miƙa ni ga suna, taska tana miƙa ni ga wata taskar.

A can na gamu da George Jackson. Yana ɗan shekara 18 aka ɗaure shi bisa tuhumar fashin dala 70 a wani gidan mai, aka yi masa irin hukuncin da ba shi da ranar fita, daga shekara ɗaya zuwa rai da rai. A cikin kurkuku ya yi karatu, ya shiga ƙungiyar Black Panther, wato Baƙar Damisa, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a 1966, aka kuma buga wasiƙun da ya rubuto daga ciki a matsayin littafi a 1970. Ranar 21 ga Agusta, 1971 masu gadi suka harbe shi a gidan yarin San Quentin. Ba a yi wata guda ba fursunonin Attica a jihar New York suka yi bore, rikicin da ya ci rai 43. Jama'a, mutumin nan ya fi shekara 50 a kabari, amma ni da nake zaune a gindin tsamiya a ƙasar Birnin Kudu na ji muryarsa a kunnena tar, har da yadda yake jan numfashi.

Na karanta labarin Albert Woodfox, wanda ya yi kusan shekara 44 shi kaɗai a wani ɗan ɗaki mai ƙafa 6 da ƙafa 9, awa 23 a kowace rana. An same shi da laifin kashe wani gandiroba a 1972, shi kuwa ya yi ta musantawa, kotuna suka sha rushe hukuncin, amma sai ranar 19 ga Fabrairu, 2016 ya fito, ranar da ya cika shekara 69 a duniya. Ya rasu a 2022. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne sunan gidan yarin, wai Angola, a jihar Luwiziyana. Tsohuwar gonar bayi ce da aka sa mata sunan ƙasar Afirka.

Na kuma ga yadda asirin gwamnatinsu ya tonu. A daren 8 ga Maris, 1971, lokacin da hankalin duniya ya koma kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, wasu mutum 8 suka fasa wani ƙaramin ofishin hukumar FBI a jihar Pensilbaniya suka kwashe takardu suka aika wa 'yan jarida. Daga nan aka gano shirin nan na asiri mai suna COINTELPRO, na bibiyar ƙungiyoyin baƙar fata da haɗa su faɗa da ɓata shugabanninsu. Ni ba alƙali ba ne, kuma na lura su kansu Amurkawa har gobe suna jayayya a kan wane ne ɗan gwagwarmaya, wane ne mai laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kowa da sunansa, da ranar da aka kama shi, da ranar da ya fito ko ya mutu. Hatta lambar da aka ba Nelson Mandela a tsibirin Robben, 466/64, duniya ta haddace ta: fursuna na 466 a shekarar 1964.

A dare na uku, bayan kowa ya kwanta, na yi wani abin da ni kaina na san wauta ce. Na rubuta sunan kakana a cikin gurbin nan na latsa. Sunan nasa kuwa shi ne nawa, domin ya rasu da 'yan watanni aka haife ni, aka mayar mini. Na'ura ta ɗan yi juyi ta ce babu. To da ma me zai kai telan ƙauye taskar Kalifoniya? Sai na koma babban manemin intanet na rubuta sunan tare da NEPU, na ƙara da Birnin Kudu, na gwada Gwaram, na gwada Yalwan Damai. Abin da ya fito taswira ce da hasashen yanayi da jerin rumfunan zaɓe.

A nan ya kamata in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. Telan da ke cikin littafina ba ƙirƙirarsa na yi ba. Tun muna yara idan zancen kakanmu ya taso a gida sai a ce, “Lokacin da Malam ya yi tafiyar nan ta wata 6,” daga nan a sauya zance. Ina aji 4 na firamare muka yi faɗa da wani yaro, da ya ga na kayar da shi sai ya tashi yana kaɗe riga ya ce mini jikan fursuna. Na zo gida ina kuka na tambaya, mahaifina ya daka mini tsawa, ban sake tambaya ba. Na girma da wannan abu a cikina kamar ƙaya a tafin ƙafa, ban san ko sata ya yi ba, ban san ko kisa ba ne. Sai da na yi hankali na tsinci kalmar NEPU a bakin wata gwaggona.

Don amfanin ƙannenmu da ba su san zancen ba: an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Kiranta shi ne sawaba ga talaka, alamarta tauraro, abokiyar hamayyarta kuma NPC mai alamar fartanya. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram duk suna ƙarƙashin En'e ta Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa. Ita kuwa En'e, a ko'ina a Arewa, a hannunta 'yan doka suke, da kotunan alƙalai, da gidajen yari, kuma ita ke ba da izinin yin lacca. Ka ga ke nan wanda kake hamayya da shi, shi ne mai kama ka, shi ne mai yi maka shari'a, shi ne mai tsare ka. Sai bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe waɗannan abubuwa daga hannun En'e.

Manyan sunaye kam na'ura ta san su. Na rubuta Hajiya Gambo Sawaba, sai ga shi: an haife ta a 1933, an ɗaure ta sau 16, ta rasu a 2001, ga babban asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan a Zariya. Na rubuta Alhaji Tanko Yakasai, ga labarin ɗaurinsa, ga littafin tarihin rayuwarsa. Na gangaro zamanin soja, ga Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Ga Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Sule Lamido na nan Bamaina kusa da mu, waɗanda gwamnatin Abacha ta tsare a 1998, shi Lamido har ya fitar da littafin rayuwarsa a 2025. Duk sun cancanci a tuna da su. Amma jam'iyya ai ba shugabanni kaɗai ba ce. Ina teloli da mahauta da 'yan koli da almajirai da aka yi ta yi wa bulala a ƙauyuka ana tura su wata 3, wata 6? Na kwanta a daren nan ina jin haushinmu. Na ce mu dai Hausawa sakaci ya yi mana yawa, ga mutane can sun adana har numfashin nasu, mu ko suna mun kasa riƙewa.

Da gari ya waye na shiga ɗakin Iya, matar Malam, wadda ta haifi mahaifina. Ta haura shekara 85, idanu sun yi rauni, amma kai garau. Ba ta taɓa kiran sunana ba tunda sunan mijinta ne, Maigida take ce mini. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, “Maigida, ka zo da goron Sallata ne, ko kuwa yau ma baki ka kawo?” Na ajiye mata goro da turmin atamfa, na ce, “Iya, yau tambaya na zo da ita, kuma ina roƙon ki yarda wayar nan ta ɗauki maganarki. Ina Malam ya je wata 6?”

Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce in tura ƙofa, sannan ta ce, “Ubanka ya hana a yi zancen, shi ma ga shi ya tafi. In ban faɗa maka ba sai dai in faɗa wa ƙasa.”

Ta ce shekarar zaɓen nan ce da maza suka jefa ƙuri'a a akwatuna, wani da hoton fartanya wani da tauraro, mata kuwa ba a ko tambaye su ba. Da na lissafa, zaɓen 12 ga Disamba, 1959 take nufi. Ana cikin cirar gyaɗa abin ya faru, tana goyon mahaifina. Malam yana da keken ɗinki da yake kaiwa kasuwannin ƙauyuka, rumfarsa kuma ta zama matattara, ana karanta takardun jam'iyya ana muhawara. Wata ranar kasuwa wani mai sarauta ya ratso da jama'arsa, kowa ya tuɓe takalmi ya zube, Malam kuwa ya yi sallama da baki ya ci gaba da taka kekensa. Kwana 2 tsakani, da asuba, sai ga 'yan doka. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka tasa shi gaba har gaban wani alƙali. Tuhuma ita ce ya yi lacca babu izini, ya kuma zagi manya. Aka kawo shaidu 2, aka yi masa bulala, aka yanke masa wata 6, aka sa shi a mota zuwa birni.

Na ce, “Iya, babu wata takarda da ya bari? Ko katin jam'iyya?”

Ta ce, “Akwai. Ni na ƙone su.”

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ta ce a cikin adudunta yake ɓoye su, ƙarƙashin zannuwa: kati mai tauraro, da wata doguwar takarda da ya rubuta da ajami, sunayen duk waɗanda ke biyan kuɗin jam'iyya a ƙauyukan da yake zagawa. Ranar da aka tafi da shi, wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce mata za a dawo bincike. Ta ɗora tukunyar tuwo, ta tura takardun cikin murhu ɗaya bayan ɗaya, tana tuƙi tana kuka. Da la'asar kuwa suka dawo, suka zazzage adudu, suka ɗaga tabarma, suka leƙa rumbu, ba su sami komai ba. Na ce mutum nawa ne a takardar? Ta ce, “Ni da ban iya karatu ba? Na dai ga ta cika ciki da bai. Da sun same ta, da gidajen da za a yi kuka a daren nan sun fi a ƙirga.”

Ta ba ni labarin wata 6 ɗin nan ta ɓangarenta. Mahaifinta ya zo ya ce ta tattara kayanta, shi bai ba ɗan tawaye 'ya ba, ta durƙusa ta ba shi haƙuri ta ƙi tashi. Matan da ke sayen ƙuli-ƙulinta suka ɗauke ƙafa don tsoro. Ta koma surfe da kaɗin auduga. Da lokacin haraji ya zo aka yanka wa gidan abin da ya fi na bara, dole aka sayar da keken ɗinkin. Sau ɗaya ta haɗa dakuwa da ƙuli-ƙuli ta ba wani yaron mota ya kai masa. Da ya dawo ya ce saƙo ya iske shi, amma ta ce har yau tana zaton don ya faranta mata ne ya faɗa.

Ya dawo da bazara, kai a aske, ƙafafu a kumbure, da tabon mari a idon sawu. Abin da ya faɗa game da ciki kaɗan ne: gabza, kwarkwata, kuɗin cizo, da fita aikin kwasar ƙazanta da safe a kan idon mutanen gari. Ya tambayi takardunsa, ta gaya masa abin da ta yi. Ya kwana 3 bai ce mata uffan ba, a na huɗu ya ce, “Kin kyauta, Allah Ya yi miki albarka.” Ta ce daga nan har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara kwana a ɗaki da ƙofa a rufe ba, komai tsananin hunturu. Allah Ya ja kwanansa ya ga 1979, lokacin da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano. A shekarar ce ita ma Iya ta fara jefa ƙuri'a, shi ya raka ta har rumfa yana jaddada mata ta nemi hoton mabuɗi.

Sai na yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Na ce su wane ne shaidun nan 2? Ta ce ɗaya baƙo ne, ɗayan kuwa wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai karatu, jikokin mutumin nan tare muka tashi, kwano ɗaya muka ci, akwai aure tsakaninmu har 3. Na ji jinina ya hau, na ce wallahi sai na saka shi a littafi duniya ta san abin da ya yi. Iya ta laluba ta kama hannuna. Ta ce, “Maigida, shi ma tsoro ne ya sa shi, yana da gona a hannun mutane. Ranar da ya rasu, Malam ne ya ɗinka masa likkafani da hannunsa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Wanda aka yi wa ya yafe, kai a wa? Ka ajiye maganar don kada ta ɓata, amma ban yarda ka kira sunansa a kasuwa ba.” Na yi mata alkawari, shi ya sa ba ku ga suna ko ɗaya daga gidanmu a wannan rubutu ba.

Da muka zo ƙarshe na ce, “Iya, saura abu ɗaya. Ki faɗi sunan Malam cikakke don na'ura ta ɗauka, haka masu adana tarihi suke yi.” Ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Shekara 60 da ɗoriya ban kama sunan nan da bakina ba, sai yau don wani ɗan ƙarfe? Kai ka faɗa, ai naka ne.” Haka na kara wayar a bakina na faɗi sunansa da na mahaifinsa, da sana'arsa, da shekarar da aka ɗaure shi, muryata tana rawa. Ita kuma ta ce, “Shi ne.”

Na fito daga ɗakin nan da awa 1 da minti 40 na magana a waya, da kuma kunyar abin da na faɗa a daren jiya. Na zargi mutanenmu da sakaci, alhali matar da ta ƙone tarihin da nake nema ita ce ta ceci mutanen da ke cikinsa. A zamaninsu rubuta sunan mutum a takarda tamkar miƙa wuyansa ne ga igiya. Su ma na Amurka da nake yi wa sha'awa, ba gwamnati ce ta adana musu ba, 'yan uwansu ne da abokan gwagwarmayarsu suka riƙe kaset da wasiƙu har lokacin da tsoro ya ragu, sannan suka fito da su. Namu mutanen ba su da rakoda, ba su da gidan rediyo, sai suka ajiye a ƙirji. Idan akwai sakaci, to a wuyanmu yake, mu da muka zo lokacin da babu ɗan dokan da zai zazzage adudu, ga na'urar ɗaukar murya a aljihun kowa, amma muka bar tsofaffi suna tafiya da abin da ke cikinsu.

Kuma abin mai yiwuwa ne. A Nijar an haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959, aka kama 'ya'yanta da yawa bayan yunƙurin 1964, zancen ya zama abin da ba a yi sai da raɗa. Wani Bature ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana bin tsofaffin 'yan Sawaba gari-gari yana ɗaukar maganarsu, ya fitar da ƙaton littafi a 2013. A nan gida ma Dokta Alkasum Abba na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara takardun NEPU ya yi rubutu a kanta. Ga Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu da ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Bayero. Ga Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Amma masana ba za su iya shiga kowane ɗaki a kowane ƙauye ba, kuma tsohuwa ba za ta gaya wa baƙo abin da za ta gaya wa jikanta ba.

Don haka ga roƙona gare ku, musamman 'yan uwana marubuta. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1959, yau ya haura 85. Lissafin bai bar mana lokaci ba. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, ya sayi goro ya je ya zauna. Ka nemi izini kafin ka kunna waya. Ka fara da faɗin rana da wuri da wanda ke magana. Kada ka katse su, kada ka gyara musu zance, ko da sun karkata sun tafi labarin farashin gero. Abin da aka ce amana ne, ka riƙe shi amana. Ka ajiye a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa ruwa, sannan ka zauna ka kwafe a takarda. Kada kuma a tsaya kan 'yan NEPU kaɗai. Wanda kakansa ɗan NPC ne, ko ɗan doka, ko dogari, ko magatakardan kotu, shi ma ya ɗauka, domin da tauraro da fartanya duk a gida ɗaya suka kwana, kamar yadda na gani a namu.

Ɗan wan nawa ya kwafe maganar Iya a kwamfutarsa, ya ce idan ya koma hutu zai zaga dangin mahaifiyarsa a ƙasar Gwaram. Na tuna masa maganarsa ta gindin tsamiya, wai komai yana cikin waya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baffa, ashe sai abin da aka zuba mata.”

Littafin kuwa na koma kansa. Na bar telan a bayan ƙyauren da gandiroba ya ja, ban bi shi ciki ba, domin shi kansa mai abin bai so a leƙa ba. Babi na 8 ya buɗe ne a tsakar gida, da mace mai goyo a gaban murhu. Kafin in taho Iya ta sa na yi mata alkawarin zan karanta mata idan na gama, ta ce in dai na yi mata ƙarya a ciki, ko na sa ta tana yi wa miji kalaman soyayya irin na littattafanmu, to in nemi wata matar.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan wanda ya yi shaida a kansa, Ya jiƙan duk waɗanda sunayensu suka tafi a murhun nan. Allah Ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya, Ya ba mu ikon sauraronsu tun suna raye. Ci gaban labarinmu yana nan tafe mako mai zuwa in Allah Ya yarda.